Na cire rediyon Camry na sa Android, allo na aiki amma sauti shiru

Tambaya: Salam oga, ina da Camry 2008 'yar Amurka wadda ake ce wa Muscle, mai JBL, sunan kamfanin kayan sauti, a rubuce a jikin rediyon. Na cire rediyon kamfani na sa Android mai allo, allon na kawo wuta har ka ga waƙa na tafiya amma ko ƙis babu a sifiku. Mai wayarin ya ce wai amfilifaya ce ta ƙone, a yanke wayoyi a haɗa sifikun kai tsaye. In bari ya yanke?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bari ya yanke ko waya ɗaya tukuna. In dai tsohon rediyon na magana ranar da aka cire shi to akasari amfilifayarka, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, lafiyarta lau, barci kawai take don babu wanda ya tashe ta. Mayar da tsohon na minti biyar ka gani, sauti zai dawo, kuma gardama ta ƙare ke nan.

A Camry mara JBL rediyon da kansa yake tura sifiku, shi ya sa kowane yaron shago zai canza maka shi cikin rabin awa. Taka kuwa daban ce, rediyon kamfanin ɗan ƙaramin sauti mara ƙarfi yake aikawa, amfilifaya mai wat 440 ce ke ɗaukar nauyin sifiku 8 ɗin nan, ita ke raba wa kowace kasonta, ƙananan na saman dashbod su samu siririn sauti manyan na baya su samu bes. Ita kuma abu biyu take jira kafin ta yi aiki, umarnin tashi da kuma sauti daidai cikinta.

A yawancin motoci umarnin nan ba wani abu ba ne, wayar nan bulu mai ratsin fari da ke bayan sabon rediyo ita ke ba da bolt 12 da zarar ka kunna, sai amfilifaya ta farka. A nan ma ana yawan tafka kuskure, sai a ɗauki bulu zalla wadda ta eriya ce, sai ka ga FM na magana amma kana komawa Bluetooth ko filash komai ya ɗauke, saboda a rediyoyi da yawa wutar eriyar sai kana kan FM ko AM take zuwa. To amma JBL ɗin Camry na 2007 zuwa 2011 ba ta jin wannan yaren sam. Ita da rediyon kamfani hira suke irin ta kwamfuta ta wasu wayoyi biyu, Toyota na kiran tsarin AVC-LAN, ta nan ake ce mata ta tashi, ta nan ake gaya mata ƙarar murya da ko sauti ya koma gaba ko baya. Ka cire rediyon ka cire abokin hirarta. Ko ka kwana kana ba ta bolt 12 ba za ta kula ka ba.

Maganin wani ɗan akwati ne da ke shiga tsakani yana kwaikwayon tsohon rediyon. Axxess na da TYTO-01, PAC na da TATO, kuma masu Android ɗin ma suna da soket na musamman mai ɗan akwatin a jiki, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kanbas. Ina kyautata zaton soket ɗin Camry mara JBL aka haɗo maka, don shi ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi araha. Koma wurin mai kayan, ko ka leƙa Ƙofar Ruwa in kana Kano, ka ce na mai JBL kake so, kuma ka tafi da tsohon rediyon a hannu a gwada bakin soket a gabanka, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne". In kanbas ne, bayan an haɗa sai a shiga saitin Android ɗin a zaɓi irin motar da kamfanin akwatin, in ba haka ba zai zauna kamar ba a sa shi ba.

Sai maganar sauti daidai cikinta. Bi takardar akwatin, in ta ce a ɗauka daga RCA, wato zagayayyun filogin nan na ƙaramin sauti da ke bayan rediyo, to daga RCA, kar wani gwani ya ɗauko wayoyin sifika ya cusa inda ake jiran ƙaramin sauti, abin da za ka samu shi ne shuuu ko da ba waƙa, kana ɗan ƙara murya ta fara fashewa. In kuma ka ji wani kuka siriri yana hawa yana sauka da totur, baƙar wayar at, wato ta negatif, ce ba ta kama da kyau ba, a ɗaure ta a ƙarfen bodi inda aka kankare fenti. Rawaya wuta ce kullum daga batir, ja sai an murɗa makulli, in aka juya su kullum ka kashe mota agogo da tashoshi sun goge.

Shawarar mai wayarin naka tana yiwuwa, ba ƙarya ya yi ba, amma kai za ka yi asara. Sifikun JBL da yawa om 2 ne (om shi ne awon yadda sifika ke tare wuta, mai ƙaramar lamba ta fi jan wuta), rediyon kasuwa kuwa don om 4 aka yi shi, zai riƙa zafi yana ɗaukewa, ga bes ɗin da ka saba ji ya tafi, ga wayoyin mota an yi musu kaca-kaca wanda ranar sayarwa dillali zai rage maka kuɗi a kai. Ni sai in an tabbatar amfilifayar ta mutu nake yarda da wannan, shi ma da soket ake tsallake ta ba da reza ba.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na negatif, kuma a kunna a ji kowace sifika ɗaya bayan ɗaya kafin a mayar da dashbod.