Tambaya da Amsa: Wata takwas ina koyon jita, amma ban ga ci gaba ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Yau wata takwas ke nan da na sayi jita. Saboda aiki, ranar Asabar kaɗai nake ɗaukarta, in yi kamar awa uku ina kaɗawa har yatsuna su yi zafi. Abokina da ya fara bayana ya riga ya wuce ni. Burina in ƙware. Ko dai ba ni da baiwar ne? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga alamar rashin baiwa a wasiƙarka ba, abin da na gani shi ne rabon lokaci da bai dace ba. Yatsu suna koyo ne ta hanyar maimaici a kai a kai, kuma kantar da ke fitowa a bakin yatsun hannun da ke danna tsirkiya, wadda ita ce ke kashe zafin, ba ta samun zama idan ana barin kwana shida tsakanin zama da zama. Saboda haka duk Asabar kusan sabon farawa kake yi. Ka raba awa ukun nan zuwa minti 25 a kowace rana, ko da bayan sallar isha'i ne, kuma ka ajiye jitar inda idonka zai riƙa ganinta, ba cikin jaka a ƙarƙashin gado ba.

Maganar buri kuwa, "in ƙware" ba abu ne da hannu zai iya yi wa aiki yau da dare ba. Ka ɗauki riƙo biyu kawai, wato tsarin jera yatsu a kan tsirkiyoyi don fitar da sauti, misali waɗanda ake kira G da D, ka duba agogo, ka ƙirga sau nawa kake sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya cikin minti guda ba tare da wata tsirkiya ta toshe ba, sannan ka rubuta adadin. Bayan mako guda ka sake ƙirgawa. Akwai manhajojin waya masu ƙidayar bugu. Ka sa 60 a minti, kada ka ƙara sauri sai sautin ya fita tas, domin wanda ke maimaita kuskure da gudu kuskuren yake koya wa yatsunsa. Yawancin masu koyo, ni ma na yi haka, sun fi son maimaita wurin da suka riga suka iya saboda yana da daɗin ji, alhali gaɓar da ke ba su wuya ita ce ta cancanci rabin lokacin.

Kada ka ɗora laifin a kan kayan aiki: Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da kansa ya haɗa jitarsa ta farko, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Sai dai ka kai taka wurin wanda ya sani ya duba ko tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar, domin hakan na ƙara zafin dannawa. Ka kuma riƙa saita sautinta kafin kowane zama, musamman da hunturu, lokacin da katako ke bushewa.