Amfilifayar mota: kar ka kwantar da jarinka a kan kanta

Wani ƙanina mai wayarin ɗin mota ya turo min wannan: "Salam Malam. Ni a Kano nake aiki, shekara shida kenan da ogana ya yaye ni. Kwanan nan samari suna yawan zuwa wai in saka musu amfilifaya da wufa (babbar sifikar bugun kiɗa) amma kar in cire rediyon da motar ta zo da shi. Na tara dubu 700, ina so in saro amfilifaya da yawa in jera a shago in dinga sayarwa ina haɗawa. Ya ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa wa neman albarka. Harkar tana da kuɗi kam, wannan ba ƙarya, amma ni a ganina ba inda kake shirin zuba dubu 700 ɗin nan kuɗin suke ba. In ka jera amfilifaya a shago to ka shiga gasa ne da 'yan Sabon Gari da masu saro kaya kai tsaye daga Alaba a Legas, su kwali-kwali suke ɗauka, farashin da za su ba mai saye ɗaya ma wani lokacin ya yi kusa da wanda kai za ka saro, kuma yaran yanzu kafin su zo wajenka sun riga sun duba Jiji da Facebook sun san kuɗin komai. Ga kuma rigimar zaɓi, ka ajiye Pioneer ya ce shi Kenwood yake so, ka kawo Kenwood ya ce abokinsa JBL ya saka. Kayan dala ne, tun da aka saki naira a 2023 farashinsu bai zauna wuri ɗaya ba, yau ka ga kamar ka ci riba, ka koma sari ka tarar kuɗin ba za su maido maka da abin da ka sayar ba. Abin da 'yan kasuwar can ba za su iya sayarwa ba shi ne hannunka, to a nan za ka zuba jari.

Ka lura da abin da kwastomominka suke cewa, kar a cire rediyon asali. Suna da gaskiya, a motocin yanzu rediyon nan shi ke ɗauke da kyamarar baya da maɓallan sitiyari, a wasu ma har saitin AC, cire shi asara ce. Matsalar ita ce yawancin rediyon kamfani ba shi da mafitar RCA, jan soket da farin nan da amfilifaya ke karɓar sauti ta cikinsu, shi ƙarfin sifika yake fitarwa kai tsaye, kuma ɗan kaɗan ne, wajen wat 10 zuwa 20 na gaskiya a kowace sifika. Hanya biyu ce, ko ka saka ɗan ƙaramin akwatin nan mai suna LOC da ke karɓar wayar sifika ya sauke ƙarfin ya mai da shi RCA, ko ka nemo amfilifayar da dama an yi ta tana karɓar wayar sifika. Sannan wayar da ke kunna amfilifaya, shuɗiya mai ratsin fari, rediyon kamfani sau da yawa ba ya bayar da ita, to sai ka ɗauko daga fis ɗin da ke samun wuta in an murɗa makulli kawai, ko ka yi amfani da LOC mai kunna kanta in ta ji sauti. Wanda ya jona ta a wutar da ba ta ɗaukewa, da safe mai mota zai tarar batir ya mutu kuma kai zai kira, ba mai shagon Sabon Gari ba.

Wannan ilimin shi ne hajarka. Don haka in ni ne, kason farko na kuɗin kayan aiki zan saya: mita mai kyau, abin matse kan waya, kawuya da robar da ke tsukewa in ta ji zafi maimakon baƙin tef ɗin nan da ke narkewa a zafin Afrilu, da robobin ɓalle dashbod. Kar ka raina na ƙarshen nan, sukudireba ɗaya in ya karce dashbod ɗin Camry ribar aikin ta tafi har da ciko. Kaso na biyu ƙananan kaya masu tafiya kullum, wayar wuta, gidan fis, RCA, LOC guda uku ko huɗu, su ba sa tsufa ba sa fita yayi kuma ribarsu a kan kuɗinsu ta fi ta amfilifayar kanta. Amfilifaya kuwa ɗaya ko biyu sun isa, ɗaya ma ka haɗa ta a shago da batir da wufa don mutum ya ji da kunnensa, sauran sai an ba ka kuɗinsu ka hau adaidaita ka je ka ɗauko. Ragowar kuɗin ka bar su a hannu, za ka buƙace su.

Maganar waya ina so ka tsaya a kanta sosai don nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Akwai wayar jan ƙarfe zalla, akwai kuma wadda alminiyon ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ita ce CCA, ita ce ta cika kasuwa saboda araha. Alminiyon kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, kenan mai lamba 4 ta CCA (lambar kaurin waya ce, mai ƙaramar lamba ta fi kauri) ba ta kai mai lamba 4 ta gaske ba, ga wasu ma robar ce mai kauri cikin kuma siriri. Ka kankare silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka san me ka riƙe, kuma a hannu ma ba ta da nauyi. Ƙaramin haɗi lamba 8 ta jan ƙarfe ta isa, in ƙarfin ya haura wat 500 na gaskiya ka koma lamba 4. Fis kuma dole kusa da batir, kar ya wuce santimita 45, domin shi wannan fis ɗin ba amfilifaya yake karewa ba, doguwar wayar da ta taso daga gaba zuwa but yake karewa, in ta goge a jikin ƙarfe babu fis to gobara ce, kuma inda za ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota sai ta bi ta cikin roba. Dubu 700 ba za su biya motar mutum ba ƙanina. Negetib gajeriya, a kankare fenti a ɗaure a jikin bodi tsam. RCA ta bi gefe ɗaya wayar wuta ta bi ɗaya gefen, in ba haka ba za ka ji wannan kukan siririn da ke tashi duk lokacin da aka taka totur. Wayoyi masu soket ruwan ɗorawa kuwa na jakar iskar hatsari ne, ko kusa da su kar ka je.

Sai batun wat, nan ne ake cutar mutane kuma nan ne za ka yi suna in ka faɗi gaskiya. Za ka ga kwali an rubuta 3000W da manyan haruffa, ka juya jikinta ka ga fis ɗaya mai amfiya 30. Yi lissafi a gaban mai saye, 30 sau bolt 14 wat 420 kenan, iyakar abin da za ta iya ja kenan, abin da za ta fitar bai ma kai haka ba don wani ɓangare zafi yake zama. Lambar RMS ita ce ta gaskiya, sauran ado ne. Haka za ka yi wa motar ma lissafi, amfilifaya mai wat 500 RMS irin Class D, wato samfurin da bai cika ɓarnar wuta ba, tana iya jan amfiya wajen 45 in an ƙure ta, irin Class AB, wadda ta fi ta ɓarnar wuta, kuma wajen 60, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa 80 zuwa 100 take bayarwa, ga AC ga fitilu ga fanka duk a kanta. Shi ya sa kake ganin fitilar wasu tana lumshewa tare da bugun kiɗa. Kafin ka taɓa komai ka auna, inji a kashe lafiyayyen batir wajen 12.6, inji na aiki kusan 14, in bai kai ba ka gaya wa mai mota ya fara gyara wannan tukuna, kaga ka ma samu wani aikin kuma dama fanninka ne.

Kuɗin aiki kar ka yanke kafin ka buɗe motar. Tsohuwar Corolla ko Golf aikin 'yan awanni ne, amma Toyota mai JBL ko Lexus mai Mark Levinson ko wadda ta zo da Bose, waɗannan suna da tasu amfilifayar a ɓoye, ta riga ta raba sautin, in ka ɗauko daga wayar da ba ita ba wufarka ba za ta samu bugu ba. Wasu Honda Accord kuma suna da ƙananan makirfo a rufi masu kashe ƙarar inji, ka saka wufa sai ka ji tana gurnani ita kaɗai har sai an cire wannan tsarin. Irin waɗannan kuɗinsu daban ne, in kuma ba ka taɓa yi ba babu kunya ka ce a ba ka kwana ɗaya ka bincika. A takarda ka raba, kuɗin kaya daban kuɗin hannu daban, don in ka cakuɗa su ba za ka taɓa sanin ko aikinka ne ke ciyar da kai ko jarinka kake ci ba. Kuɗin kaya a biya duka kafin ka saya. Bashi a wannan harkar ba na ba ka shawara ko kaɗan, kayan marmari ne, wanda ya ji kiɗansa ya tafi ba ya gaggawar dawowa.

Wanda ya zo da tasa amfilifayar, musamman 'yar gwanjo daga Ƙofar Ruwa ko wani wajen, gwada ta a gabansa kafin ta shiga mota, ka ce masa garantinka a kan haɗin wayarka ne kawai. Ka kuma ɗauki hoton dashbod da makulli a kunne kafin ka fara, saboda fitilar da ta daɗe tana ci ranar da ka taɓa motar za ta zama laifinka. Abin murɗawar nan da aka rubuta GAIN a kansa ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ta da rediyo ne, samari suna zuwa gida su ƙure shi sifika ta ƙone su dawo da faɗa, to in ka gama saiti ka ɗiga masa jan farce ka nuna wa mai motar, in alamar ta motsa shi da kansa ya san babu garanti. Amfilifayar kuma a ɗaure ta inda iska ke shiga, ba ƙarƙashin kafet ba, zafin but a garin nan kaɗai ya isa ya sa ta dinga kashe kanta.

Kar ka saki aikin wayarin ɗinka saboda wannan, shi ne na kullum, sauti kuwa lokaci gare shi, ana yi gab da sallah da lokacin bukukuwa, da azumi kuma sai ka ji shiru. Ka ware littafi na musamman ka yi wata uku kana rubuta kowane aiki, irin motar, abin da aka saka, awa nawa ya ci, nawa ya rage maka, da wanda ya dawo da ƙorafi. In ka ga wata amfilifaya guda ita ake ta aikenka sayowa, to ita ce za ka fara ajiyewa guda biyu ko uku. Turo min lissafin in wata ukun sun cika mu duba tare.