Ga mai tambaya kan albashin da aka yanke masa saboda rashin lafiya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kashiya ne kai a wani babban kanti, zazzaɓi ya kwantar da kai kwana biyu, ka kira manaja ka shaida masa, amma ƙarshen wata sai ka ga an zaftare kuɗin kwanakin, har da barazanar kora. Kana so ka san ko yana da hurumin yin haka.

In dai kana da takardar likita, ba shi da hurumi. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa na kwanakin aiki har 12 a shekara idan ciwo ne ya hana shi fitowa, da sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Su ma masu kantin suna da ikon cewa sai likitan da suka zaɓa ya duba ka, kuma in sun nemi haka kada ka ƙi. Tsurar albashi ake lissafawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci.

Wajen takardar nan ne yawancin ma'aikatan kanti suke yin asara. Mutum zai tafi kyamis a yi masa allura, a ƙulla masa magani a leda, ya dawo aiki da rasit a hannu. Rasit ɗin kyamis ba shaida ba ce. Asibiti za ka je, ka yanki kati, ka ce wa likita kana son takardar hutun rashin lafiya. Kafin ka fita ka duba: sunanka daidai, ranar da hutun ya fara, yawan kwanaki, sa hannu da hatimin asibiti. Ka ɗauki hotonta a waya kafin ka miƙa, don takarda tana ɓata a ofis.

Sai yadda ake sanarwa. Abin da ke tayar wa manaja hankali ba ciwonka ba ne, teburin kuɗin da zai zauna ba kowa ne, ga layi har bakin ƙofa, musamman ranar Asabar, ƙarshen wata ko jajiberin Sallah. Ba kowa ake ɗorawa kan na'urar kuɗi ba, sai wanda aka koya wa kuma aka ba shi lamba. Don haka ka kira tun da sauran awa biyu kafin lokacin shigarka, sannan ka bi kiran da saƙon WhatsApp, saboda kira ba ya barin shaida. Kada ka aika abokin aiki da saƙon baki. Wannan ba uzuri ba ne ga manajan da ke tilasta wa mara lafiya fitowa. Wanda ke amai da gudawa in aka tsayar da shi a ɓangaren burodi ko nama, masu sayayya aka cuta.

Yanzu ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin kula da ma'aikata, ka ambaci ranakun, ka haɗa da kwafin takardar likita da hoton saƙonka, ka nemi a mayar maka da kuɗin a albashi mai zuwa. Ban da zafin baki. In sun yi biris, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku yana karɓar irin wannan koke, kuma yakan kira ɓangarorin biyu a sasanta kafin maganar Kotun Ma'aikata ta taso.

Maganar kora kuwa, ka duba takardar ɗaukarka aiki, wadda doka ta ce a ba ka cikin wata uku da farawa. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, sai an ba shi notis na mako guda ko kuɗin makon. In ba a taɓa ba ka takardar ba, ka adana alat na albashi da katin shaidar aikinka, su ne za su nuna tun yaushe kake wurin.