Waye mortgagor, waye mortgagee: amsar tambayarka ta daren jiya

Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa bane saboda maganar ba ta layi biyu bace, sai yanzu bayan asuba na samu zama. Kace kun je banki da malamin nan da ke son sayen gida, ka nuna masa inda aka rubuta mortgagee kace ya sa hannu a nan tunda shi ne zai karɓi kuɗi, ma'aikaciyar ta tsayar da ku tace ba nan bane, kaji kunya a gaban mutumin, shi ne kake tambayata wai ya mutum zai yi ya gane kalmomin nan tunda turancinka bai yi ƙwari ba. To ɗana kwantar da hankalinka, gara da aka tare ku tun biro bai taɓa takarda ba.

Kuskuren naka guda ne, ka ɗauka kuɗin ne mortgage. Ba kuɗin bane. Kuɗin sunansa loan, wato rance. Mortgage kuwa ita ce jingina, abin da kai ka ajiye musu don su yarda su ba ka. Kuma dan Allah ka daina furta t ɗin nan, mogej ake cewa, t ɗin a rubutu kawai take. Yanzu tambayi kanka, waye ke bada jinginar gida? Mai gidan ne, ba banki ba. A turancin lauyoyi mai bayarwa shi ke ɗaukar or ko er a ƙarshe, mai karɓa kuma ee, kamar yadda ka san employer shi ke bada aiki employee shi ke karɓa. Kenan malamin nan shi ne mortgagor, bankin ne mortgagee. Haka zaka gani a takardar cinikin da muke yi kullum a dillancin gidaje, deed of assignment, mai sayarwa assignor mai saye assignee, a haya kuma lessor da lessee. Duk inda ka ga irin wannan tagwayen kar ka bi kuɗi da ido, ka duba sunan takardar tukuna, ka ga waye ke miƙa abin da sunan ke nufi.

Amma in ka ce wa mutum jingina ka tsaya ka ƙara masa bayani, don jinginar da ya sani daga ƙauye daban take. Can in mutum ya jinginar da gona, wanda ya bada kuɗin shi ke noma ta yana ci har ranar da aka fanshe. Na sha ganin mutum ya ja da baya saboda yana zaton sai ya gama biya za a ba shi makulli. A ta banki kai da iyalinka ke kwana a gidan, su takarda suke riƙewa, C of O ɗinka, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, na cikin sef ɗinsu. Kuma tunda dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ba ka da ikon jinginar da gida mai C of O sai da amincewarsa, ita ce governor's consent da kake ji. In suka ce maka suna jiran perfection kar ka fassara da kamala ko wani gyaran gida, abin da suke nufi a samo amincewar nan, a biya kuɗin hatimi, a yi rajistar jinginar a ofishin filaye, mu nan Kaduna KADGIS, Kano KANGIS, Abuja AGIS. Kuɗin wannan aikin yawanci kan mai karɓar rance yake faɗawa, to ka gaya masa tun farko kar ya zo ya ga lissafi ya ce mun ɓoye masa.

Sai borrow da lend, wannan kam Hausarmu ce ke jan mu. Mu kalma ɗaya muke juyawa, na ranci kuɗi, ya ranta min kuɗi, na ari keke, ya ara min keke. Shi yasa kake jin yara na cewa borrow me. A bakin titi ba wanda zai kula, amma a wasiƙar neman rance kar ka taɓa rubuta wai bankin zai borrow ɗinka. Banki lend yake, shi ne lender, kai borrow kake, kai ne borrower. Su kuma Turawa ba su raba aro da rance kamar mu ba, da keken da zaka dawo da shi ɗin da kuɗin da zaka kashe ka biya wasu, duk borrow ne.

Yanzu ga inda nake so ka fi buɗe kunne, don nan ne mutane ke kuka daga baya. Principal ita ce uwar kuɗi, interest kuɗin ruwa. Ɗauki misalin malamin naka, tunda ma'aikaci ne ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa ana zubawa a asusun gidaje na NHF, wanda aka kafa da doka a 1992 kuma Federal Mortgage Bank ke riƙe da shi, rancen wannan asusun ruwansa kashi 6 cikin 100 ne a shekara kuma yana iya kaiwa shekara 30. A ce ya ranci miliyan 10 na shekara 30. Duk wata zai biya wajen naira 59,955. A watan farko dubu 50 daga ciki ruwa ne tsantsa, abin da ya sauka daga uwar kuɗi bai cika dubu 10 ba. A hankali ruwan ke raguwa kason uwar kuɗi na ƙaruwa, kafin ya gama ya biya sama da miliyan 21 da rabi. Teburin da ke nuna wannan wata bayan wata shi ne amortization schedule ko repayment schedule, ka riƙa roƙon a buga maka shi, ka zaunar da mutum ka ɗora yatsa kan layin farko ka nuna masa. In ba haka ba bayan shekara biyar zai je ya tambayi outstanding balance, ragowar bashi kenan, ya ga har yanzu ya haura miliyan 9, ya dawo shago yana cewa an cuce shi, kuma kai zai fara nema ba banki ba. Sannan per annum a shekara ne, ba a wata ba, ba kuma sau ɗaya gaba ɗaya ba, akwai masu jin kashi 6 su ɗauka dubu 600 za su ɗora kan miliyan 10 shikenan.

Ka kula da rubutu ma. Principal mai al uwar kuɗi, principle mai le wani abu ne daban. In takarda tace approval in principle, sun yarda ne a bisa sharaɗi, kuɗi bai fito ba. Kar ka kira mai sayar da gidan kace masa an gama. Offer letter ma tayi ne, sai ranar disbursement kuɗi ya bar hannunsu, ran nan ne kawai zaka ce an biya.

Akwai wasu kalmomin kuma masu rikitarwa. Interest ɗin nan in ka gan ta a jimla irin interest in the property ba ruwa bace, haƙƙin da mutum ke da shi ne a kan gidan. Equity kuma a bakin ma'aikatan banki equity contribution ce, kason da mai saye zai kawo daga aljihunsa kafin su cika sauran, wasu na cewa down payment. Tenor tsawon lokacin biya ne, kuma shekarun da suka rage wa ma'aikaci kafin ritaya suna iya rage shi, kar ka haɗa shi da tenant ɗan haya. Arrears biyan da lokacinsa ya wuce ba a yi ba, default saɓa sharaɗi, kuma daga nan hanyar sayar da gidan mutum ke farawa.

Ɗaya da ba na so ka manta ita ce deed of release, wato takardar sakin jingina bayan an gama biya. Akwai wani dattijo da na taɓa yi wa dillanci, ya gama biyan bashinsa tsaf, an miƙo masa C of O ya kai gida ya sa a ƙasan akwati. Shekaru suka wuce, rashin lafiyar matarsa ta sa ya zo sayarwa, mun samu mai saye har an yi ciniki, lauyan mai sayen ya je bincike ofishin filaye ya tarar har yanzu jinginar na nan a rubuce, don ba a yi takardar sakin ba balle a yi mata rajista. Mun yi watanni muna zarya, mai sayen ya gaji ya tafi. Har yau ina tuna yadda dattijon nan ya zauna kan bencin shagonmu da rasit ɗinsa a leda yana jera min su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar ruwa kuma, mutanenmu za su tambaye ka, kar ka sassauta kalmar kace ai ɗan caji ne. Interest kuɗin ruwa ne, faɗa masa haka, hukuncin ya je ya tambayi malamai. In ya ce ba ya so akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ, can kuma kalmomin sun canza, financing suke cewa, zaka ji murabaha inda su za su saya su sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ko ijara inda kake biyan haya har gidan ya zama naka. In ka je can kar ka tambayi interest rate, profit ko rental zaka ji.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo shago kafin ƙarfe tara da kwafin offer letter ɗin malamin da littafinka, mu bi ta layi layi, duk kalmar da muka tarar ka rubuta Hausarta da hannunka sannan ka maimaita min yadda zaka faɗa wa wanda bai yi boko ba. Shi kuma ka kira shi yau ka ba shi haƙuri, ka gaya masa shi ne mortgagor, kuma kar ya sa hannu a komai sai mun gama karantawa.