Hukuncin Yi Wa 'Yan'uwa Tayi A Gwanjon Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu wasu abokai ne masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi da kan sarki, irin su anini da kwabo mai huji da takardun fam na kafin zuwan naira a 1973. Yawancin kayan nan a gwanjon eBay, wani dandalin saye da sayarwa na intanet, ake samunsu, ni ne kuma mai asusu da katin dala, don haka ni nake yi wa kowa tayi. Mutum zai ce min, "Kada ka wuce dala 80." Wani lokaci in samu a 55. Shin ragowar tawa ce? Wani lokaci mutum biyu su nuna min kaya ɗaya, ko ni ma raina ya biya. Muna kuma da al'adar cewa idan wani ya riga ya ce yana so, saura su janye. Sannan nakan jira sai saura daƙiƙa kaɗan a rufe in jefa tayina. Wani mai sayarwa da muka saba kuma ya taɓa roƙona in ɗan taya kayansa don farashi ya motsa. Mene ne halal a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Gwanjo a kan kansa halal ne a wurin mafi yawan malamai, suna kiransa bai'ul muzayada. Ma'abota Sunan sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya sa wani shimfiɗi da ƙoƙo a kasuwa, wani ya taya dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ba da biyu, ya sallama masa. Akwai magana a kan isnadin, amma Bukhari ya ƙulla babi a kan irin wannan ciniki, ya kawo maganar Aɗa'u cewa ya riski mutane ba sa ganin laifin sayar da ganima ga wanda ya fi ƙari. Hanin da aka yi na yin tayi a kan tayin ɗan'uwa, Imamu Malik ya fassara shi a Muwaɗɗa da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, ana shirin sallamawa. Kayan da aka baje don a yi ta ƙari ba ya ciki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na takwas a Burunai, shekarar 1993. Kasancewarsa ta waya bai canza komai ba.

Da wannan, jinkirin da kake yi zuwa daƙiƙar ƙarshe babu laifi. Lokacin rufewa sananne ne ga kowa, dandalin bai hana ba, kuma da niyyar saye ka taya. Wanda aka kayar zai ji haushi, amma ba a ci haƙƙinsa ba.

Inda nake so ka tsaya ka natsu shi ne matsayinka. Kai wakili ne, wakili kuwa amintacce ne. Ranar da abokinka ya ce kada ka wuce dala 80, ya ba ka abin da babu mai saye da yake bai wa kowa a kasuwa, wato ƙarshen abin da ke ransa. Kusan duk tambayoyinka a kan wannan sirrin suke juyawa.

Ɗauki batun ragowa. Ya ce 80, ka samu a 55. Ashirin da biyar ɗin nan tasa ce. Iyaka ya sa maka, bai yi ciniki da kai ba. Dalili shi ne hadisin Urwa al-Bariƙi a Bukhari: Annabi (SAW) ya ba shi dinari ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a dinari, ya dawo da akuya da dinarin gaba ɗaya, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Iya cinikin nasa ne, amma bai ce ribar tasa ba ce. Idan kana son ladan wahalarka, kuma kana da haƙƙi, domin wakilci da lada halal ne, to ku yanka la'ada tun kafin a shiga: naira kaza a kan kowane kaya, ko kashi kaza cikin ɗari. Na fi son a yanka kuɗi tsayayye, domin mai karɓar kaso yana ƙaruwa idan kaya ya yi tsada, zuciya kuwa ba ta da ƙashi. Haka nan canjin dala. Ka faɗa masa farashin da banki ya cire maka da kuɗin aiko da kaya kamar yadda suke. Cusa riba a cikin canji ba tare da saninsa ba, cin ragowar nan ne ta bayan gida. In kuma kai kake fara biya daga aljihunka, wannan rance ne ka ba shi, kada la'ada ta ƙaru saboda ya jinkirta biya.

Idan ranka ya biya da kayan, lokacin magana shi ne kafin ka karɓi wakilcin. Ka ce, "Wannan kam ni ma ina so, nemi wani ya taya maka," kafin ya furta iyakarsa. Amma ka ji 80 daga bakinsa sannan ka sa 81 da sunanka, wannan ha'inci ne ko da kuɗinka ka biya. Malaman Hanafiyya sun faɗa ƙarara cewa wanda aka wakilta ya sayo wani abu ayyananne ba shi da ikon saya wa kansa shi a bayan idon mai aikensa.

Mutum biyu a kaya ɗaya ya fi wuya, don ka riƙe sirri biyu. Tsarin eBay shi ne ka rubuta iyakarka, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan gwargwadon tayin abokin hamayya. To idan ka buɗe asusu biyu ka haɗa su karo, kai da hannunka ka tsadar wa wanda zai ci. Idan kuma ka zaɓi mai iyaka babba a ɓoye, ka bar ɗayan yana zaton kana yi masa aiki, ka yaudare shi. Abin da nake gani shi ne wanda ya riga shi ne mai wakili. Na biyu ka ce masa an riga shi a wurinka, ba tare da ka faɗi ko nawa ba, ya nemi wata hanya. In sun yarda su sasanta, ko su yi tarayya, ko su jefa ƙuri'a, duk ya halatta.

Wannan ya kawo mu al'adarku ta janyewa. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganarta tun kafin a san wani abu intanet. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ce ya halatta a roƙi wasu su daina ƙari, amma ban da a roƙi kowa da kowa. Masu sharhi suka haɗa da mafi yawan masu tayin, ko mutum ɗaya da kasuwa ke bin bayansa kamar sarkin kasuwa. Illar ita ce cutar da mai kaya. To ku duba halinku. A gwanjon da duniya ke kallo, da masu tayi daga Ingila da Amurka, janyewar abokai biyar ba ta kashe kasuwa, babu laifi. Amma idan wata gwauruwa ce ta kawo tarin marigayi mijinta cikin zaurenku na WhatsApp, ku ne kuma kaɗai masu saye, sai kuka haɗa baki mutum ɗaya ya taya a wulaƙance, daga baya ku sake gwanjonsa a tsakaninku ku raba bambancin, wannan haramun ne, kuma tana da haƙƙin warware cinikin idan ta gano. Ko a Ingila akwai doka tun 1927 da ta hana dillalai irin wannan haɗin baki.

Roƙon mai sayarwa kuwa, kada ka karɓa. Shi ne najashu, taya kaya ba da niyyar saye ba don wani ya ruɗu ya ƙara. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kansa daga Ibnu Umar, Sahabi Ibnu Abi Aufa kuma ya kira mai yin sa maciyin riba maha'inci. A mazhabarmu, in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Kada "ɗan motsawa" ta ruɗe ka. Dala ɗaya da ɗari hukuncinsu ɗaya. In yana tsoron faɗuwa, ya buɗe gwanjon da farashin da zai iya sallamawa.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma ya shafi masu tara kuɗi musamman. Anini da kwabo da takardun fam da aka daina karɓa sun zama haja, a saye su yadda aka daidaita. Amma sulallan Afirka ta Yamma da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1920 azurfa ne, tsabar zinare ma hukuncinsu ɗaya ne. Hadisin Ubada bin Samit ya shar'anta hannu da hannu a cinikin zinare da azurfa, kuma majalisun fiƙihu na zamani sun ba kuɗin takarda hukuncinsu. Tsufan tsabar bai fitar da ita daga zama azurfa ba. Ka biya yau, kaya ya iso bayan mako uku, sharaɗin bai cika ba. Mafita ita ce ku sami wani amintacce a garin mai kayan ya karɓa a madadinku a lokacin da ake biya. In hakan bai samu ba, ku bar wannan nau'in har sai kun same shi a hannu.

Wallahu a'alam.