Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Sa'idu da Asma'u Shiga Rajista?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, na haɗa wa Islamiyyar unguwarmu shafin rajistar ɗalibai da PHP (yaren shirya shafukan intanet) da MySQL (rumbun adana bayanai). Ana cika fom a danna, shafin ya ce an yi rajista. Da muka zo fitar da jerin sunaye sai muka tarar yara da yawa babu su. Na zauna da takardunsu, na lura waɗanda suka ɓace masu suna Sa'idu ne da Asma'u da Shu'aibu da Rabi'atu. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne akwai Asma'u ɗaya da ta shiga lafiya. Abokina ya ce in hana fom ɗin karɓar hamza, kowa ya rubuta Saidu a wuce wurin. Ga layin da nake amfani da shi:

mysqli_query($hadi, "INSERT INTO dalibai (suna, aji) VALUES ('$suna', '$aji')");

Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da wannan hidima. Amma shawarar abokinka kada ka ɗauke ta. Yaro sunansa Sa'idu, haka mahaifinsa ya raɗa masa, haka kuma ya kamata ya gani a takardar sakamakonsa. Matsalar tana cikin layin nan da ka turo.

Dubi abin da ke isa wurin MySQL idan aka rubuta Sa'idu: VALUES ('Sa'idu', '3A'). Alamar da muke rubuta hamza da ita a boko ita ce dai alamar da SQL, yaren da ake ba MySQL umarni da shi, ke buɗe rubutu ya rufe da ita. To MySQL zai karanta 'Sa' ya ɗauka suna ya ƙare a nan, sai ya ci karo da idu, kalmar da bai san ta ba, ya jefar da umarnin gaba ɗaya da kuskure mai lamba 1064. Asma'un da ta tsira kuwa, ina kyautata zaton da waya aka cika mata fom. Wasu wayoyi, irin su iPhone, sukan saka hamza mai lanƙwasa (’) maimakon miƙaƙƙiya ('). A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta haruffa biyu ne daban, kuma mai lanƙwasar ba ta rufe rubutu a SQL.

Me ya sa shafin ya ce an yi rajista alhali ba a yi ba? Saboda ka rubuta saƙon nasara a ƙasan layin ba tare da ka tambayi sakamakonsa ba. Kafin PHP 8.1, wanda ya fito a 2021, idan mysqli_query ya gaza shiru yake yi, ya dawo da false kawai, aiki ya ci gaba. Da alama sabar da ka ɗora shafin, wato kwamfutar da ke riƙe da shi a intanet, tana kan tsohon PHP. Abu na farko ke nan da za ka gyara, tun kafin ka taɓa komai. Saka wannan a saman layin da ke haɗa ka da rumbun bayanai:

mysqli_report(MYSQLI_REPORT_ERROR | MYSQLI_REPORT_STRICT);

Daga nan duk umarnin da ya gaza zai yi magana. A kwamfutarka ka bar saƙon ya fito a fuskar shafi. A sabar da jama'a ke shiga ka tura shi fayil ɗin ajiye kurakurai, domin saƙon yakan tona sunayen teburanka ga wanda bai kamata ya gani ba.

Sai ainihin gyaran. Ka daina liƙa abin da mutum ya rubuta a cikin umarnin SQL. Ka tura umarnin da gurabe, bayanan su biyo daga baya:

$umarni = $hadi->prepare("INSERT INTO dalibai (suna, aji) VALUES (?, ?)");
$umarni->bind_param("ss", $suna, $aji);
$umarni->execute();

Kamar fom ɗin banki ne da aka riga aka buga: duk abin da ka cika a gurbin suna, suna za a ɗauke shi, ba zai sauya abin da takardar ke cewa ba. Lura cewa babu alamar zance a gefen alamun tambayar. Da yawa sukan rubuta '?' saboda sabo, sai gurbin ya zama rubutu zalla, bind_param ya yi ƙorafin adadi bai daidaita ba. "ss" ɗin nan kuwa yana nufin duka biyun rubutu ne. Da lamba ce cikakkiya da i za ka saka.

Wani zai ce maka ka yi amfani da addslashes, wanda ke saka alamar \ a gaban kowace hamza. Kada ka yi. PHP kansa ya taɓa yin irin wannan da kansa a kan duk abin da ya shigo daga fom, aka ga ɓarnar ta fi amfanin, aka cire tsarin a PHP 5.4 a 2012.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ya wuce ɓacewar sunaye. Ƙofar da hamzar Sa'idu ta bi ta karya umarninka, ita ce ɓarawo zai bi da gangan. Idan haka ka rubuta shafin shiga na malamai, mutum na iya rubuta ' OR '1'='1 a gurbin kalmar sirri ya shige. Ta irin wannan hanya aka kutsa kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a Oktoban 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000 a 2016. Kai kuma abin da ke hannunka sunayen yara ne da lambobin iyayensu. Bi duk fayilolinka, duk inda ka ga alamar $ a tsakiyar umarnin SQL ka mayar da shi mai gurbi, har da SELECT da UPDATE da DELETE.

Ƙaramin abu guda: tun da hamza iri biyu ce ke shigowa, ka mayar da mai lanƙwasa miƙaƙƙiya da str_replace kafin ka adana. In ba haka ba, malami zai nemi Asma'u ya samu wasu ya rasa wasu. Wajen nuna sunan a shafi kuma ka bi da shi ta htmlspecialchars tare da ENT_QUOTES, don kada hamzar ta karya shafin.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina tattara karin magana a wani ɗan shafi. Duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ sai ya koma alamar tambaya, wani lokaci kuma ƙasa ta koma Æ™asa. Me zan yi? Daga mai karatu a Damagaram.

Amsa: 'Yar'uwa, cuta biyu ce kika haɗa, kuma ɗaya ta fi ɗaya sauƙi. Tushensu dai guda: latin1, tsarin haruffan da MySQL ke zaɓa da kansa har zuwa 5.7, ba shi da haruffanmu masu ƙugiya. Sai a MySQL 8.0 na 2018 aka mayar da utf8mb4 zaɓin farko. Wuri uku ne dole bakinsu ya zo ɗaya: teburin, da haɗin da PHP ke yi da rumbun, da shafin HTML. Na tsakiyan shi aka fi mantawa. A mysqli ki saka $hadi->set_charset("utf8mb4"), a PDO kuma, wato ɗaya hanyar haɗa PHP da rumbun, ki ƙara charset=utf8mb4 a layin haɗi. Ki zaɓi utf8mb4, ba utf8 kawai ba, domin wanda MySQL ya daɗe yana kira utf8 yana ɗaukar ƙ da ɗ amma ba ya ɗaukar 'yan fuskokin nan na waya.

Inda kika ga Æ™ ko É—, harafin yana nan da ransa, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba, kuma ana iya dawo da shi. Alamar tambaya ce abin dubawa. Gudanar da SELECT HEX a kan filin, ki ga lambobin da aka adana kowane harafi da su. Idan kika ga C699 a wurin ƙ, rubutunki lafiya yake, wajen fitowa ne yake lalacewa, gyara haɗin ya isa. Idan 3F kika gani, alamar tambayar ce aka adana, sai dai ki sake rubuta waɗannan da hannu. Kafin ki sauya tsarin teburin da ALTER TABLE, ki kwafi rumbun ki ajiye gefe, ki fara gwadawa a kan kwafin, domin sauyawa kai tsaye na iya tabbatar da Æ™ ɗin a maimakon gyara shi.

Tambaya: Salam. Na yi wa shagon yayana manhajar rubuta masu karɓar kaya bashi. Lambar wayar kowa 2147483647 take nunawa. Na gwada farawa da +234, sai alamar tarawar ta ɓace idan na tura ta adireshin shafi. Daga mai karatu a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Ƙanena, filin lambar waya ka yi shi INT, wato filin lambobin lissafi. Iyakar abin da INT ke ɗauka shi ne 2,147,483,647, lambobin Najeriya kuwa, ko an cire sifirin farko, sun haura biliyan bakwai. Idan ba a kunna tsauraran ƙa'idoji a sabar ba, MySQL ba ya ƙi, sai ya danne lambar zuwa iyakarsa ya adana. Da an kunna, da ka ga kuskure mai lamba 1264 tun ranar farko. Lambar waya ba abin lissafi ba ce, ba a tara ta ba a raba ta, saboda haka VARCHAR(20), wato filin rubutu, za ka yi, sifirin farko ma ya zauna. Waɗanda aka riga aka danne sun tafi; ka koma littafin bashin yayanka ka sake shigar da su tun bai ɓace ba.

Alamar tarawa kuwa, a ɓangaren adireshi da ke bayan alamar tambaya ana karanta + a matsayin tazara. Dole ta tafi a matsayin %2B. Kada ka haɗa adireshin da hannu: a JavaScript ka bi da ƙimar ta encodeURIComponent, a PHP kuma http_build_query zai yi maka duka. Wannan zai kuma tsare ka ranar da aka rubuta sunan shago mai alamar & a ciki, domin ita ce ke raba bayani da bayani a adireshi, sai rabin sunan ya yanke.

Amma ni da za ka ji tawa, lambar mutum da adadin bashinsa kada su bi ta adireshi ko kaɗan. Duk abin da ke adireshi yana zama a tarihin burauza da kundin saba, yaron shago na gaba da ya ɗauki wayar zai gani. Tura su da POST, hanyar da ba ta saka bayanai a adireshi, ka karɓa da $_POST, ka tabbata kowane gurbi a fom ɗin yana da name, domin wanda ke da id kaɗai burauza ba ta tura shi.

Tambaya: Da Python da SQLite nake koyo. INSERT ba ya nuna kuskure, amma ina rufe manhajar komai ya ɓace. Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Ba ka kira commit() ba. A sqlite3 na Python, abin da ka shigar yana rataye ne har sai ka ce hadi.commit(), in ka rufe kafin nan ya zube. Ka kuma kula idan ƙima ɗaya kake turawa: (suna,) ake rubutawa da waƙafi a ƙarshe. Idan ka rubuta (suna) kawai, Python zai ɗauki kowane harafi na sunan a matsayin ƙima mai zaman kanta, in sunan Sa'idu ne ya ce maka gurbi ɗaya ne amma ka kawo shida.