Matambayi Ba Ya Ɓata: Dutsen Taraba da Yashin Yobe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mu huɗu ne, duk ɗalibai, mun yi wata takwas muna adashe don mu yi tafiya in an ba da hutu. Dutsen Kufena mun hau har mun gaji, Yankari kuma mun je sau biyu. Muna son inda ba kowa ke zuwa ba, inda za mu ɗan sha wuya. Wani ya ce mana irin wannan sai Kenya ko Tanzaniya, mu kuwa kuɗinmu ko na fasfo bai kai ba. Ina za mu nufa?
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya ce muku sai Kenya, ku tambaye shi ko ya taɓa wuce Jalingo. In wuya kuke nema, tana nan jibge a jihar Taraba, kuma ba mai tambayarku fasfo.

Dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya yana can. Sunansa Chappal Waddi, wasu na ce masa Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, kuma a kansa iyakarmu da Kamaru ta bi. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato kusan Yankarin da kuka sani sau uku. Ofishin gandun yana Serti. Ku fara tsayawa can ku karɓi izini, su haɗa ku da jami'in da zai raka ku. Kada ƙuruciya ta sa ku ce za ku shiga ta bayan gida don ku rage kashe kuɗi. Ba dajin da mutum zai ɓata ya yi ihu a ji shi ba ne.

Daga Jalingo za ku bi ta Garba Chede, Bali, Serti, sai Mayo Selbe. A nan ƙasa ke ƙarewa, mota ta kama hawa. Hanyar tana nannaɗe dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, a tasha kada ka duba kyan mota, direba za ka duba. Ka nemi ɗan Gembu wanda hawan nan ya zame masa hanyar gona, wanda ya san da giya ake gangarowa ba da taka birki ba. Ranar da na fara hawa, wani yaro ne ya ɗauke mu da sabuwar mota, yana ta yabon kansa. A dawowa birki ya yi zafi har muna jin ƙauri, muka sauka muka zauna bakin hanya sa'a guda muna jiran ya huce. Wata tsohuwa da ke cikin motar ba ta daina salati ba sai da muka ga rufin gidajen Mayo Selbe.

Amma in kun kai sama, za ku yafe wa hanyar. Tsaunin Mambila ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a bisa, kimanin mita 1,600 daga teku, tudu bayan tudu, ciyawa shar, ga itatuwan zaiti jere a bakin ƙauyuka, ga shanun Fulani sun yi ɓul-ɓul saboda ƙudan tsando bai cika kai wa can ba. Za ku wuce Maisamari da Nguroje kafin Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Sunan ba a banza ya zo ba: yankin yana cikin Kamarun da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. A Kakara akwai gonar shayi, ku ratse ku ga ganyen da kuke sha kullum yana tsaye a kan itacensa.

Sanyi fa, ɗana, ba irin hunturun Zariya ba ne da rana na fitowa ya gudu. Ni da 'yar shara da hula na je a watan Disamba, don na ɗauka ai duk Arewa ce. A Nguroje wani mai shayi ya dube ni ya girgiza kai, ya shiga ciki ya ɗauko mini bargon 'ya'yansa. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri, da safa, da bargo kowa nasa.

Hawan dutsen Chappal Waddi kansa ta wannan gefen na Mambila ya fi sauƙi. Daga wajen Nguroje 'yan acaɓa ke kai mutum ƙauyen Njawai, a hanyar da za ta sa ka san kana da ƙugu, daga nan kuma sai ƙafa. Ku ware kwana uku zuwa da dawowa, ban da na mota. Duk rugar da kuka sauka, ku fara gai da Jauro kafin ku kafa tanti, ku riƙa masa sukari da ganyen shayi da gishiri. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, ko "jam na" kaɗai kuka iya za ta buɗe muku ƙofa. Guzuri kuwa, wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. Damina a Mambila doguwa ce, tana cin fiye da rabin shekara, rafukan da ake tsallakewa da ƙafa su zama koguna.

In kun sauko da sauran ƙarfi da sauran kuɗi, kada ku wuce Serti ba ku shiga ƙauyen Gashaka ba. Nan ƙasa ce mai zafi da kurmi. A Mayo Kam akwai gurbin dorina, a kan tudun Gashaka kuma akwai kangon ganuwar da Jamusawa suka bari. Can ciki wajen Kwano ne mazaunin birin nan da mutanen yankin ke kira biri mai ganga (wanda Turawa ke ce wa chimpanzee), saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ƙarar ta ratsa kurmi. Yana gyara tsinke ya zura a rami ya ciro kwarkwasa ko zuma. Kwana biyu na yi ina binsa, ban gan shi ba. Na ji gangar da asuba, na ga sheƙar ganyen da ya kwana a ciki a saman itace, shi ke nan rabona. Har yau ban ji na yi asarar tafiyar ba.

Kafin ku tashi ku kira ofishin Serti ku ji labarin hanya, kuma ko wane direba ya ce a yi tafiyar dare ku ce a'a.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce. Ina koya wa yara darasin hamada amma ban taɓa ganin tudun yashi da idona ba. Maigidana ya ce Agadas ta yi nisa. Akwai wani wuri kusa?
Daga wata malama, Haɗejia.

AMSA: Malama, maigidanki ya yi gaskiya, kuma ke da kike Haɗejia hamada na bayan ɗakinki. A ƙaramar hukumar Yusufari ta jihar Yobe, dab da iyakar Nijar, akwai Tulo-Tulowa da Bulatura. Tuddan yashi ne ja-ja-ja da iska ke sassaƙawa, a tsakaninsu kuma kwari mai ruwa, da dabino da goruba. Mangawan wurin suna haƙar kanwa a waɗannan kwaruruka, ki ɗebo wa 'yan ajinki guntu su taɓa, ya fi zanen allo.

Ta Gashuwa za ku bi. Ƙaramar mota ba ta shiga, sai mai jan ƙafa huɗu, kuma direban da ya san aikinsa zai rage iskar taya kafin ya faɗa yashi. Ku ɗauki ɗan gari, don sawun da kuka bi da safe iska kan shafe shi kafin la'asar. Ku isa da sassafe. In rana ta take, yashin ba ya takuwa ko da takalmi.

Tunda kun kai Gashuwa, ku leƙa Dagona a ƙasar Bade. Fadama ce da tsuntsaye ke sauka daga Turai suna gudun sanyin can, daga Disamba zuwa Fabrairu, su tarar da na gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Yarima Philip na Ingila ya zo kallonsu a 1989. Sai dai ruwan ba kamar da ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Wannan ma darasi ne, kuma kogin da ya bi ta garinku ne ake magana a kai.

TAMBAYA: Malam, na je kallon ruwan Gurara mai faɗowa daga dutse a watan Maris na tarar da ruwa kamar na famfo. Yaudara ce hotunan da ake nunawa?
Daga wani ma'aikaci, Suleja.

AMSA: Ba yaudara ba ce, ɗan'uwa, kai ne ka je biki bayan an watse. Ruwan da ke faɗowa daga dutse ɗan damina ne. Ka koma a Agusta ko Satumba, amma ka tsaya nesa, kada ka shiga wanka. In kana son wanda ya fi shi tsawo, ka nufi Farin Ruwa ta Wamba a jihar Nasarawa, kimanin mita 150, Gurara kuwa 30 ne. Akwai 'yar tafiyar ƙafa kafin ka kai gindinsa, kuma duwatsun suna da santsi, ka bar takalmin ofis a gida.